Ƙwayar da Kullum Ke Tashi Ba Ta San Kanta Ba

A jikin yawancin bod ɗin da ke ɗauke da ƙwayar FPGA akwai wata 'yar mitsitsiyar fitila da aka rubuta wa DONE a gefe da ƙananan baƙaƙe. A kan ZedBoard shuɗiya ce. Idan aka kunna na'urar, fitilar wuta ce ke kamawa nan take, ita kuwa wannan sai ta ɗan ja ƙafa. Wani lokaci ƙiftawar ido ne, wani lokaci sai Linux ta gama tashi ta dawo hayyacinta, wani lokacin kuma ba ta kamawa sam, injiniya ya zabga tagumi. Mai amfani da na'ura ba ya ganin wannan fitila, tana can cikin akwati a rufe. Abin da yake gani shi ne jira: ma'aunin sigina a ɗakin gwaji da ke nuna tambarin kamfani na ɗan lokaci kafin layi ya bayyana, ko akwatin sadarwa a gindin eriyar waya da wuta ta dawo masa amma sabis bai biyo ta nan da nan ba. Ba duk jiran ne na FPGA ba, amma tana da kasonta a ciki.

Ƙwayoyin lantarki na yau da kullum, waɗanda masu gyara ke kira IC, da aikinsu suke fitowa daga masana'anta. Wadda aka ƙera don cajin batir, cajin batir za ta yi har ta ƙone. Furosesa ma haka take: umarnin da ake ba ta yana canzawa, amma wayoyin cikinta suna nan yadda aka shimfiɗa su. FPGA ta fita daban. Ross Freeman, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa kamfanin Xilinx a Amurka a 1984, shi ya zo da tunanin a sayar wa jama'a ƙwayar da ba a ƙarasa ba, mai saye ya ƙarasa abinsa. Ta farkon, XC2064, ta fito a 1985 da 'yan ɗakunan lissafi 64 kacal. Na yanzu suna da dubbai a kan dubbai, amma dabarar tana nan. Kowane ɗaki yana da ɗan teburin amsoshi. Idan wayoyi shida ne ke shigo masa, yanayi 64 ne kawai za su iya kasancewa a ciki, don haka bit 64 sun isa a rubuta amsar kowane yanayi. Tsakanin ɗakunan kuma ga hanyoyin waya birjik, kowace mararraba da makunninta. Wane makunni ne a kunne, wace amsa ce a tebur, duk wannan yana zaune ne a ma'adanar SRAM, wadda ba ta riƙe komai sai da wuta a jikinta.

Da an ɗauke wuta, komai ya tafi. Allo ne da ake wankewa tas duk sanda wuta ta mutu, in an dawo da ita kuma sai an sake rubuta masa daga farko har ƙarshe, babu zancen ɗori, domin shi allon bai haddace ko harafi ɗaya ba. Wanda ya saba kai waya kasuwa a yi mata filashin zai iya zaton abu ɗaya ne, amma da bambanci. Filashin ɗin waya sau ɗaya ake yi ya zauna, kuma abin da aka zuba mata umarni ne da furosesa za ta bi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake zuba wa FPGA babu mai karanta shi ya aikata, shi kansa ne haɗin wayoyin. Kafin zubi babu na'urar, bayan zubi ga ta. Akwai dai wasu FPGA ɗin da ba sa mantuwa, irin su ProASIC3 da IGLOO na gidan Actel, wanda yanzu yake hannun Microchip, domin su a filash suke riƙe tsarinsu. Amma manyan da suka cika kasuwa, na Xilinx da AMD ta saya a 2022 da na Altera da Intel ta saya a 2015, masu mantuwa ne.

Fayil ɗin da ake zubawa injiniyoyi na kiransa bitsitirim, kuma yana da wata ɗabi'a da ke ba ni sha'awa. Girmansa bai damu da abin da ke cikinsa ba. Ɗalibin da ya tsara abin da zai riƙa kunna fitila ɗaya yana kashewa, da ƙwararren da ya cusa rediyo sukutum a cikin ƙwayar, in dai ƙwaya ɗaya suka yi wa aiki kuma ba a matse fayil ɗin ba, girma ɗaya za su samu. Dalili kuwa shi ne kowane makunni sai an faɗa masa matsayinsa, har wanda ba a bukata sai an ce masa ya zauna a kashe. Ƙaramar iCE40 HX1K ta kamfanin Lattice kilobayit 32 take ci. Zynq 7010 ta Xilinx kimanin megabayit 2, yayarta 7020 kimanin megabayit 4, wato bit miliyan 32 da 'yan kai. In aka tura waɗannan ta waya guda, bit miliyan ɗaya a daƙiƙa, an ci rabin minti ana jira. Ta hanya mai faɗin bit 32 da agogo mai sauri kuwa ba a kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa.

To wa zai yi zubin? A bisa teburin injiniya, igiyar JTAG ce daga kwamfuta, amma ba a bin kowace na'ura gidan mai saye da igiya. Tsohuwar hanya ita ce a dasa wata 'yar ma'adanar filash kusa da ƙwayar, ta tashi ta karanto abinta da kanta. Wasu ƙafafu biyu ko uku da aka ɗaure sama ko ƙasa su ke gaya mata ko ita za ta nemo ko kawo mata za a yi. Hanya ta uku ita ce tamu ta yau: tunda dama akwai furosesa a bod ɗin tana gudanar da Linux, kuma tana da ma'adana mai yalwa, me zai hana ita ta riƙe fayil ɗin ta riƙa zubawa? An rage kuɗin ƙwaya ɗaya. Ana iya aiko da sabon fayil ta intanet. Ana kuma iya ajiye fayil goma a zaɓi wanda ake so.

Zubin yana da ladabinsa, a ƙafafun ƙwayar kuma ake yin sa. A gidan Xilinx furosesa takan ja ƙafar PROGRAM_B ƙasa na ɗan lokaci, wato ta ce wa ƙwayar ta share abin da ke cikinta. Ƙwayar sai ta riƙe wata ƙafar, INIT_B, a ƙasa har ta gama sharar, sannan ta sake ta. Wanda ya yi azarɓaɓi ya fara turo bayanai kafin a saki wannan ƙafa ya yi aikin banza. Daga nan bit su fara shiga, kowane bugun agogo da nasa. In an gama lafiya ƙwayar ta saki ƙafar DONE, wadda aka ɗaura wa fitilar nan. A gidan Altera sunaye ne suka bambanta, nCONFIG da nSTATUS da CONF_DONE, amma gaisuwar ɗaya ce. Akwai kuma wani ɗan abu da ke kayar da sababbin shiga. Bayan bit na ƙarshe ƙwayar tana bukatar a ci gaba da buga mata agogo, ba don wani bayani ba, sai don ta ƙarasa matakan farkawa. Ga iCE40 aƙalla bugu 49 ne. Wanda ya tsayar da agogo da zarar fayil ya ƙare zai iya samun ƙwaya cike da zubi amma ƙafafunta ba su fara motsi ba, ya kwana yana neman laifi a inda babu.

Ita ma ƙwayar ba kowane abu take haɗiya ba. Ba ta sauraron komai sai ta ji wata lambar buɗe ƙofa, wadda a gidan Xilinx ita ce AA995566 a lissafin heksa. Duk abin da ya gabaci wannan lamba watsi take yi da shi. Bayanta fayil ɗin zai faɗi lambar shaidar ƙwayar da aka haɗa shi dominta, ita kuma ta gwada da wadda ke jikinta, in ba su dace ba ta ƙi. A ƙarshe akwai lissafin tantancewa na CRC. Bit ɗaya ya gurɓata a hanya, lissafi ya ƙi fita, ƙwayar ta ja INIT_B ƙasa ta bar DONE a kwance. Wanda ya leƙa fayil mai ƙarewa da .bit zai ga a goshinsa, da rubutun da ido ke iya karantawa, sunan aikin, sunan ƙwayar, da rana da sa'ar da aka haɗa shi, daga nan sai lambobi zalla. Wannan ɗan goshi ya sha raba gardama a kan wane fayil ne sabo. Sai dai direban Zynq da ke cikin Linux ba ya son goshin, kuma yana son kowane bayit huɗu a juye, har lambar buɗe ƙofar ma a juye yake nemanta, 665599AA. Fayil lafiyayye sarai, a ba shi a miƙe, ya ce bai ga lamba ba. Mutane da yawa nan suka fara cin karo da bango.

Duk wannan fa shi ne ɓangare mai sauƙi. Ana iya rubuta shi a shafi ɗaya.

Xilinx ta sanar da Zynq a 2011: furosesa Cortex-A9 mai kai biyu da FPGA a cikin ƙwaya guda, furosesar ce kuma ke fara tashi ta zama uwar ɗaki. Altera ta zo da tata irin, Cyclone V SoC. A nan ba a ma bukatar ƙafafun waje, akwai ƙofa ta ciki da furosesa ke zubi ta nan. A shekarun farko Linux ɗin da Xilinx ke rabawa tana da wata kafa mai suna /dev/xdevcfg. Mutum ya tura fayil cikinta da umarnin cat, layi ɗaya, shi ke nan ƙarfe ya canza. Masu Red Pitaya, ma'aunin nan ɗan ƙasar Sulobeniya da aka gina a kan Zynq 7010, sun daɗe da wannan layin a bakinsu. Ni dai ina son irin wannan sauƙin, kuma na fahimci masu kewarsa. Amma sauƙin yana ɓoye wani rami.

A ce wani direba a cikin Linux yana magana da wata na'ura da ke zaune cikin FPGA, misali mai karɓar hoton kyamara. Ana cikin haka wani ya tura sabon fayil. Ƙwayar ta share kanta, na'urar ta ɓace, direba bai sani ba. Ya aika tambaya zuwa adireshin da ya saba. Hanyar AXI da ke haɗa furosesa da FPGA an gina ta a kan cewa duk tambayar da ta fita amsa za ta dawo, kuma in ba a sa mata wani mai ƙirga lokaci ba, jira za ta yi ta yi. Furosesa ta sandare. Babu saƙon kuskure, babu wani rubutu da za a bi a gano dalili, sai dai a zare wuta. Haka kuma yake faruwa in an yi zubi amma an manta ba a kunna wa FPGA agogonta ba. Akwai ma mafi muni: tsohuwar na'urar tana tsaka da rubutu a ma'adanar ram aka share ta, ko sabuwar ta tashi ta fara rubutu inda ba a ba ta ba.

Asalin matsalar, a ganina, ita ce manhajar gudanarwa an gina ta ne bisa yardar cewa ƙarfe ba ya canzawa a ƙarƙashinta. A kwamfutar tebur, kayan da ke kan PCI da USB sukan faɗi sunansu in an tambaye su. A ƙananan bod na ARM yawancin kayan ba sa magana, sai an ba Linux rajista tun wajen tashi: ga abu kaza a adireshi kaza, ga agogonsa, ga layin da yake kira ta kai. Wannan rajista ita ce ake kira bishiyar na'urori, kuma ɓangaren ARM ya rungume ta gadan-gadan ne bayan Linus Torvalds ya yi faɗa a 2011 a kan tarkacen bayanan bod da suka cika masa gida. Linux takan karanta rajistar sau ɗaya ta gaskata ta har a kashe na'ura. Sai ga ƙwayar da ke iya zama mai hoto da safe, mai sauti da rana. Rajistar da aka rubuta da safe ta zama ƙarya kafin azahar.

Gyaran ya zo a hankali. Alan Tull, injiniya a Altera, ya yi shekaru yana kai tsarinsa ana dawo masa da shi kafin FPGA Manager ya shiga Linux 4.4, wadda ta fito a watan Janairun 2016. Abin da tsarin ya yi shi ne ya raba zubi gida uku ga kowace irin ƙwaya: shiri, zubi, kammalawa. Kowane kamfani ya rubuta yadda tasa ke yin ukun nan, sauran Linux ba ruwanta da sunayen ƙafafu. Fayil ɗin kuma ya koma /lib/firmware, ma'ajiyar da fayilolin katin Wi-Fi da sauransu suke. Wannan ma abin tsayawa a duba ne. Na'ura guda cur, da wayoyinta da komai, tana kwance a jerin fayiloli kamar kowa, ana iya kwafe ta, a canza mata suna, a goge ta bisa kuskure. In an gama zubi, wani ɗan fayil mai suna state a ƙarƙashin /sys/class/fpga_manager yakan nuna kalma ɗaya, operating, wato tana aiki.

Shekara guda bayan haka, a Linux 4.10, aka ƙara abin da ya fi muhimmanci: yankuna da gadoji. Yanzu ba fayil kaɗai ake miƙawa ba, ana haɗa shi da ƙarin shafi na rajista, wanda ke faɗin sunan fayil ɗin da kuma na'urorin da za su bayyana in an zuba shi. Linux ta rufe gadojin da ke tsakanin furosesa da FPGA, ta yi zubi, in ya yi kyau ta buɗe gadoji, sannan ta shigar da sababbin na'urorin rajista ta kira direbobinsu. In zubi ya faɗi, shafin ba ya shiga, babu direban da zai je neman abin da babu. Wajen cirewa kuma a bi ta baya: a sallami direbobi tukuna, a rufe gada, sannan a taɓa ƙwayar. Da wannan tsarin ana iya canza wani yanki na FPGA kaɗai alhali sauran na ci gaba da aiki.

Abin dariya shi ne, bayan duk wannan gini, an yi shekara da shekaru ainihin Linux ba ta da ƙofar da mai amfani zai miƙo shafin ta nan yayin da na'ura ke gudana. Pantelis Antoniou ya rubuta wata ƙofa ta configfs, ba a karɓe ta ba, amma kamfanoni suka ɗauke ta suka liƙa a nasu Linux ɗin. Xilinx ta ƙara tata kafar da ɗan shirinta fpgautil. Sakamakon haka umarnin da ya yi aiki a bod ɗin wannan kamfani ba ya yi a na wancan, bayanin da aka rubuta shekara uku da suka wuce kuma yakan kai mutum daji. Masu ƙorafi suna da gaskiyarsu. Amma ina ganin masu tsaron Linux ma ba taurin kai kawai suke yi ba. Duk wanda aka ba ikon zuba fayil a FPGA an ba shi ikon ƙera ƙarfe, kuma ƙarfen da ya ƙera yana iya shiga ma'adanar ram kai tsaye ya karanta abin da ya ga dama, ba tare da ya bi ta kan izinin da Linux ke rabawa ba. Kalmar sirri da iyakar mai amfani duk furosesa suke ɗaurewa. Ba sa ɗaure na'urar da aka haifa minti ɗaya da ya wuce. Dole a yi nauyin hannu wajen buɗe irin wannan ƙofa.

Inda talaka zai ga wannan aiki da idonsa shi ne wajen masu tsofaffin wasannin bidiyo. Alexey Melnikov ya fara aikin MiSTer a 2017 a kan bod ɗin DE10-Nano na kamfanin Terasic na Taiwan, wanda ke ɗauke da Cyclone V SoC. Linux tana gudana a gefen furosesa, tana kula da katin memori da abin riƙewa na USB. A katin kuma ga fayiloli masu ƙarewa da .rbf jere: wannan Sega Mega Drive ne, wannan Nintendo ta farko, wancan kwamfutar Amiga. Mutum ya zaɓi ɗaya, talabijin ta yi duhu na ɗan lokaci, ta dawo da wata na'ura daban. A cikin duhun nan ne aka rufe gadoji, aka share, aka zuba, aka buɗe. Shirin MiSTer ma bai bi ta doguwar hanyar rajista ba, da kansa yake taɓa ƙofar zubin, tunda shi kaɗai ne mai gidan kuma ya san wa ke magana da wa. Dalilin duhun kuwa shi ne kafar HDMI ta bod ɗin a jikin FPGA take. Hatta jerin sunayen da mutum ke zaɓa daga ciki, wani fayil ne mai suna menu.rbf ke zana shi. Da za a goge wannan fayil, Linux za ta iya kasancewa a raye, amma babu abin da zai nuna hakan a fuskar talabijin.

Wannan ya kawo tambayar lokaci. Ana iya zubi da wuri, tun kafin Linux ta tashi, ta hannun ƙaramin shirin farko ko U-Boot. Ana iya bari sai ta tashi. Na wuri ya fi sauri kuma ya fi kwanciyar hankali, domin Linux za ta tarar da ƙarfe a shirye ta ɗauka dama can haka yake. Na baya ya fi sassauci. Wani lokaci ma ba a ba mutum zaɓi. Katin da ake sokawa a kafar PCI Express dole ya kasance a shirye cikin kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, in ba haka ba kwamfuta ta gama ƙidayar kayanta ba ta gan shi ba. Manyan ƙwayoyi ba sa gama cika a wannan lokaci, shi ya sa Xilinx da Altera suka fito da dabarar raba fayil gida biyu: ɗan ƙaramin da zai amsa sallama da wuri, sauran kuma ya biyo baya ta kan ita hanyar PCI Express ɗin.

Ga wanda ke zaune inda wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, akwai tambayar da ta fi kowace: in aka ɗauke ana tsaka da zubi fa? Amsar tana da daɗi. Babu abin da zai sami ƙwayar. Rabin zubi da cikakken zubi duk tafiya suke da wutar, in ta dawo a sake daga farko. Mantuwar da ta zama kamar aibi, a nan ita ce kariya. Haɗarin yana wurin ajiya, lokacin da ake rubuta sabon fayil a kan tsoho. In wuta ta yanke a nan, tsohon ya tafi, sabon bai kammala ba, kuma kullum aka kunna wannan gurgun fayil za a miƙa wa ƙwayar ta ƙi karɓa. Masu hankali ba sa rubutu a kan tsoho. Sukan ajiye sabon da wani suna, su tabbatar ya sauka a ma'adana, sannan su sauya sunan a taki ɗaya. Wasu su raba ma'adanar gida biyu, ana aiki da ɗaya ana sabunta ɗaya. A inda ƙwayar ke karanto abinta daga filash kuwa, akan ajiye wani fayil na asali da ba a taɓa shi har abada, in sabon ya faɗi gwajin CRC ƙwayar ta koma kansa da kanta. Injiniyan da bai taɓa zama cikin duhu ba yakan ɗauki wannan a matsayin ƙawa. Na'urar da ke saman eriya a bayan gari, wadda zuwa wurinta sai an yi tafiyar yini, ba ta da wani gata sai shi.

Fayil da ke tafiya a fili duk sanda aka kunna na'ura kuma yana jan hankalin ɓarayi. Wanda ya kwafe shi ya kwafe ƙirar kamfani gaba ɗaya. Don haka ake kulle shi da AES mai mabuɗin bit 256, a ɓoye mabuɗin cikin ƙwayar, ko a ƙone shi a jikinta ko a riƙe shi da ɗan batir. A 2020 masu bincike a Bochum ta Jamus, Maik Ender da Amir Moradi da Christof Paar, suka nuna yadda za a sa ƙwayoyin Xilinx na jerin 7 da Virtex-6 su kwance kullin da kansu su furta abin da ke ciki kaɗan-kaɗan. Aka sa wa ɓarakar suna Starbleed. Ba ta gyaruwa da sabon fayil, domin tana cikin ɗan ɓangaren da ke karɓar zubin, shi kuwa wannan ɓangaren a masana'anta aka sassaƙa shi. Shekara guda kafin nan kamfanin Red Balloon Security ya nuna cewa FPGA ɗin da Cisco ta sa ta tsare tashin wasu na'urorinta na sadarwa tana karanto fayil ɗinta daga filash ɗin da mai kutse zai iya sauyawa. Ma'anar kowane bit a fayil ɗin ma sirri ne da kamfanoni ba sa bugawa, sai da aikin IceStorm ya warware na iCE40 a 2015, aka samu damar haɗa fayil da kayan aiki na kyauta tun daga farko har ƙarshe.

Akwai wani bod mai suna EBAZ4205. Asalinsa shi ne ƙwaƙwalwar injin haƙar Bitcoin na kamfanin Ebang na ƙasar Sin. Da injinan suka tsufa aka farfasa su, sai bod ɗin suka malalo kasuwar gwanjo da araha, kowanne da Zynq 7010 a jikinsa. Ɗalibai da masu son ƙere-ƙere suka yi ta saye. Sukan liƙa masa gidan katin memori da dalma, su matsar da resista ɗaya don ya tashi daga katin maimakon ma'adanarsa ta asali, su sa Linux ɗinsu da fayil ɗinsu, abin da ya yi shekaru yana lissafin kuɗin intanet ya koma na'urar gwaji ko ta koyon sana'a. Sai dai masu ƙirar bod ɗin sun bi da wayoyin kafar intanet ɗinsa ta cikin FPGA. Wanda ya tashi Linux a kai yana shirin ya aiko da fayil ɗin zubi ta igiyar intanet daga baya, zai tarar babu intanet ɗin, sai ya fara sa fayil a katin da zai haɗa wayoyin kafar da furosesa.